Kafin a Kai Mutum Kotu, Wa Ya Karanta Fayil Ɗinsa?

Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba, 2024, 'yan sanda suka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Yawancinsu 'yan Arewa ne, musamman Kano, an kwaso su lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, kuma da dama daga cikinsu ba su kai shekara 18 ba. Cikin tuhume-tuhumen da aka jera musu har da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Tun zama bai yi nisa ba wasu daga cikin yaran suka yanke jiki suka faɗi, bayan kusan wata uku a tsare. Kotu ta sa belinsu a kan naira miliyan 10 kowanne. Da surutu ya yi yawa, sai Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya umarci 'yan sanda su miƙa wa ofishinsa fayil ɗin. Ranar Litinin Shugaba Tinubu ya ce a sake su, ranar Talata aka janye tuhumar, kotu ta kori ƙarar.

Jama'a sun yi ta magana a kan ramar yaran da yunwar da ta bayyana a jikinsu, kuma sun yi daidai. Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda abubuwan suka jeru. An kama, an tsare, an rubuta tuhuma mafi nauyi a dokar ƙasa, an kai ta gaban alƙali, sannan ne ofishin da tsarin mulki ya ba wa iko a kan gabatar da ƙara ya ce a kawo masa fayil ya duba. Aikin da ya kamata a fara da shi, shi aka yi a ƙarshe. Kada kuma mu manta, a kwanakin zanga-zangar nan an yi ɓarna ta gaske a Kano. An fasa shaguna, an wawashe gine-ginen gwamnati, har harabar babbar kotun jiha ba ta tsira ba. Akwai waɗanda suka aikata wannan. Amma da aka tattara kowa da kowa aka rataya musu tuhumar da ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba, sai shari'ar ta mutu ba a tantance wanda ya fasa shago da wanda aka tsinta a bakin titi ba. Mai shago bai samu haƙƙinsa a wannan shari'a ba, yaron da bai ji ba bai gani ba kuma ya yi asarar wata uku na rayuwarsa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Bai kamata a rubuta wa kowa takardar tuhuma a kan babban laifi ba sai wani lauyan gwamnati, wanda ba shi ya yi kamen ba, ya zauna da fayil ɗin ya tambayi kansa: in na kira shaidun nan gobe, lauyan wanda ake tuhuma ya yi musu tambayoyin ƙwaƙƙwafi, alƙali mai adalci zai kama mutumin nan da laifi? In amsar a'a ce, ko kuwa amsar ita ce wataƙila nan gaba wata shaida ta ɓullo, to lokacin tuhuma bai yi ba, a koma bincike.

Doka ba ta neman hujja mai nauyi ɗaya a kowane mataki. Ɗan sanda yana iya kama mutum a kan zato mai dalili, kuma haka ya kamata, domin in aka ce sai an tabbatar kafin a kama, ba ɓarawon da zai kwana a caji ofis. Alƙali kuwa ba zai yanke hukunci ba sai an tabbatar da laifi ba tare da wani kokwanto mai ma'ana ba, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Tsakanin zaton ɗan sanda da tabbacin alƙali akwai tazara mai faɗi, kuma a cikinta ne ya kamata a sa rariya, a tankaɗe, abin da ya yi laushi ya wuce kotu, tsakuwa ta tsaya. Wannan tankaɗen aikin ma'aikatar shari'a ne. Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon shigar da ƙara, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta. Sashe na 211 ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan iko. Duka sassan biyu sun gindaya sharaɗi: a yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da kotu. Gurfanar da mutum alhali ka san hujjarka ba za ta kai ba, wasa da kotu ne.

Ingila, inda muka gaji tsarin kotunanmu na zamani, ta taɓa barin wannan aiki a hannun 'yan sanda, kuma ta ɗanɗana kuɗarta. A 1972 an kashe wani mutum mai suna Maxwell Confait a Landan. Aka kama samari uku, 'yan shekara 14 da 15 da 18, suka amsa laifi a hannun 'yan sanda, aka ɗaure su. A 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bayan bayanan likitoci a kan lokacin mutuwar sun nuna amsa laifin nan ba gaskiya ba ne. Wannan shari'a na daga cikin abubuwan da suka sa aka kafa kwamitin da ya ba da rahoto a 1981, har a 1986 aka buɗe hukuma ta daban mai gabatar da ƙara. Ma'auninta har yau hawa biyu ne: da farko a duba ko hujjar da ke hannu za ta iya kai wa ga kama mutum da laifi, sai an haye wannan sannan a tambaya ko maslahar jama'a na buƙatar a yi shari'ar. Girman laifi ba ya tsallakar da fayil daga hawan farko. Hikimar raba aikin kuwa ba ɓoyayya ba ce. Wanda ya yi kame ya riga ya yarda da labarinsa, ya sha wahala a kai, mai yiwuwa ya faɗa wa ogansa an gama. Neman ya zama shi ne zai gano raunin aikinsa neman abu ne mai wuya ga kowane ɗan Adam.

A ɗauki misalin fayil irin wanda ke cika teburin lauyoyin gwamnati a biranenmu. An yi wa wani ƙwacen waya da daddare a lungu. Ya ce samari uku ne da wuƙaƙe, ɗaya ya yanke shi a hannu. Washegari 'yan sintirin unguwa suka kawo wani matashi da kowa ya san ɗan daba ne. A cikin fayil akwai bayanin mai ƙara, da takardar asibiti, da wuƙa ɗaya da aka ce a jikin matashin aka same ta, da takardar amsa laifi da aka rubuta da Turanci ya dangwala mata yatsa. Tuhumar da aka rubuta: haɗa baki da fashi da makami. Wanda ya duba sama-sama zai ce magana ta ƙare.

Lauyan da ya san aikinsa kuwa a nan zai fara. Takardar asibiti ta tabbatar an yanki mutum, ba ta ce ga wanda ya yanke shi ba. Mai ƙara ya san matashin kafin wannan dare? In bai san shi ba, da wane haske ya gan shi, kuma na tsawon wane lokaci? Ya siffanta shi tun kafin a kawo shi, ko kuwa sai da aka nuna masa shi a zaune a ƙasa a bayan kanta aka ce wannan ne? In haka aka yi, ba a yi tantancewa ba, domin ƙa'ida ita ce a jera shi cikin mutane masu kama da shi, mai ƙara ya fitar da shi da kansa. Wuƙar fa, me ya haɗa ta da wannan yankan, a garin da wuƙa ke ko'ina? Ina wayar? Kowace waya tana da lamba a jikinta da kamfanin sadarwa zai iya bi, kuma in aka same ta a hannun matashin jim kaɗan bayan ƙwacen ya kasa bayani, doka ta yarda kotu ta ɗauka shi ne ɓarawon ko ya karɓi kayan sata da saninsa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma sai an fita an nemo ta. Idan matashin ya faɗa tun ranar farko cewa a daren yana wurin aikin gidan burodi a wata unguwa, ya ambaci sunan mai gidan, an je an tambaya? Kotunanmu sun daɗe da cewa binciken irin wannan uzuri wajibi ne a kan 'yan sanda, kuma an sha sallamar mutane saboda an yi watsi da shi. Kasancewarsa ɗan daba kuwa ba shaida ba ce a kan wannan dare. Kotun Ƙoli ta nanata sau da yawa cewa zato, komai ƙarfinsa, ba ya maye gurbin hujja.

Saura takardar amsa laifi, wadda a kanta ne mafi yawan fayilolinmu suka jingina. Wa ya rubuta ta? Da wane harshe matashin ya yi magana, wa ya fassara, kuma mai fassarar zai zo kotu? In bai zo ba, takardar ta zama jita-jita a idon doka. Lauya ko wani da shi matashin ya zaɓa yana wurin? An ɗauki bidiyo? Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta tanadi waɗannan a sassa na 15 da 17, jihohi da dama sun yi tasu irinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, kuma a 'yan shekarun nan Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun amsa laifi saboda an tsallake su. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabtarwar kanta laifi. Saboda haka fayil ɗin da in ka zare takardar amsa laifi ba abin da ya rage a cikinsa, fayil ne da zai rushe ranar da wanda ake tuhuma ya ɗaga riga ya nuna wa alƙali bayansa. Lauyan gwamnati ya san haka tun daga teburinsa. Abin da ya dace shi ne ya mai da fayil ɗin da jerin abubuwan da za a je a nemo, ko ya rage tuhumar zuwa abin da hujja za ta iya ɗauka, ko ya ce babu ƙara.

A aikace ga abin da ke faruwa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai kai matashin kotun majistare da takardar rahoton farko. Majistare ba shi da hurumin sauraron fashi da makami ko kisan kai, don haka ba zai ma tambaye shi ya amsa ko ya musa ba. Sai a rubuta: a ajiye shi a gidan gyaran hali har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Wannan jimla ta cinye shekarun dubban mutane. Wani fayil ɗin ba ya barin caji ofis saboda ba kuɗin yin kwafi. Wani an yi wa mai binciken canjin wurin aiki ya tafi da labarin a kansa. Wani ya isa ma'aikatar ya shiga layi a teburin lauya ɗaya mai ɗauke da shari'o'in da suka fi ƙarfin mutum uku. Uwa tana sayar da akuya da gado tana zaryar kotu, kullum amsar ɗaya ce: shawara ba ta fito ba. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali na 'yan shekarun nan suna nuna mutum wajen 80,000 a tsare a faɗin ƙasar, sama da 50,000 daga cikinsu jiran shari'a suke yi. Wato cikin kowane mutum uku da ke gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ko takwarorinsu, kusan biyu ba a kama su da laifin komai ba tukuna, alhali sashe na 36 na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Nauyin tuhumar da aka rubuta shi ke yanke ko mutum zai kwana a gida. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ya kuma sa wa'adin watanni da in ba a yi shari'a ba sai a sake shi, amma ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan kariya. Belin irin wannan laifi kuma sai babbar kotu, a bisa dalili na musamman. Ke nan kalma biyu da aka ƙara a takarda, "da makami", sun isa su mai da shari'ar wata ɗaya ta zama zaman shekara uku. Alƙalamin da ke da wannan ƙarfi bai kamata a bar shi ba mai duba shi ba. Dokar 2015 ta yi ƙoƙari: ta ce ajiyar farko kada ta wuce kwana 14, ta iyakance sabuntawa, ta ce in wa'adi ya cika ba a kawo dalili ba a saki mutum, ta ba ma'aikatar shari'a ta tarayya kwana 14 ta fitar da shawara bayan karɓar fayil, ta umarci manyan majistarori su riƙa ziyartar wuraren tsare mutane duk wata. Dokar tana nan a rubuce. Aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Masu ganin wannan magana ta tausaya wa masu laifi ce su duba shari'ar da kowa ya sani. An kashe Kudirat Abiola a Legas ranar 4 ga Yuni, 1996. An kama Manjo Hamza Al-Mustapha a 1998, babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa a kan kisanta a watan Janairu 2012, sannan a watan Yuli 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi ta sallame shi, tana mai cewa manyan shaidun gwamnati biyu sun saɓa wa kansu, ba abin dogaro ba ne. Ko wane ɓangare mutum yake, lissafin ɗaya ne: mutum ya yi kusan shekara 15 a tsare a kan hujjar da kotu ta ce ba ta kai ba, iyalan wadda aka kashe kuma sun wayi gari ba wanda ke ɗauke da alhakin jininta a wannan shari'a. Ƙarar da aka gina a kan bakin mutum biyu, ba tare da wani abu na zahiri da zai tallafe ta in sun juya ba, ta cuci kowa.

Gaggawar gurfanarwa ma tana iya zama alheri ga mai laifin gaske. Tsarin mulki ya hana a sake yi wa mutum shari'a a kan laifin da kotu ta riga ta wanke shi. In ka kai wanda ya aikata da rabin hujja, aka sallame shi, ka ba shi kariya ta har abada da hannunka, ko da gobe ka tsinci wayar a ɗakinsa. In kuma wanda ka kai ba shi ba ne, ka rufe fayil, mai laifin yana can lungu da wuƙarsa yana jiran wani.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya ɗaure shi. Ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, duk ɗan makarantar allo ya san ta. An zarge shi, wani daga cikin dangin gidan ya ce a duba rigar, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka duba, hujja ta wanke shi. Duk da haka masu iko suka ga ya fi musu sauƙi su jefa shi kurkuku na wani lokaci, lokacin nan kuwa ya zama shekaru, har wanda ya roƙa ya tuna da shi ya manta. Da aka zo fitar da shi bai yarda ya fito a matsayin wanda aka yi wa alfarma ba, sai da aka koma aka binciki maganar aka bayyana gaskiya. Al'ummar da ke karanta wannan sura ba ta da uzurin ɗaukar tsare mutum ba hujja a matsayin ƙaramin abu.

Na san abin da jami'an tsaro za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai bincike sau da yawa ba shi da mota, ba shi da kuɗin mai, sai mai ƙara ya ɗauki nauyin binciken ƙararsa. Wuraren gwajin jini da zanen yatsa kaɗan ne ƙwarai. Cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta da Legas ta buɗe a 2017 ma an lalata ta a tarzomar Oktoba 2020. A yankunan da 'yan bindiga ke cin karensu babu babbaka, wanda ya ga komai da idonsa ba zai zo kotu ba, domin shi zai koma ƙauye ya kwana. Kuma in aka saki wanda unguwa ta yi imani ɓarawo ne, gobe jama'a za su ɗauki doka a hannunsu. Duk wannan dalili ne na a zuba kuɗi a bincike da kare shaidu. Ba ya zama dalilin a cike giɓin da jikin wanda aka samu a kusa. Kuma ma'aunin da nake kira a riƙe ba ya neman abin da ba zai yiwu ba. Doka ba ta ƙayyade yawan shaidu a yawancin laifuka ba, shaida ɗaya mai gaskiya da maganarsa ta tsaya tana iya isa. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za a ce da ita ta koma gida don ba wanda ya gani ba. Aikin lauya ne ya tabbatar an kai ta asibiti a kan lokaci, an ɗauki bayaninta yadda ya dace, an nemo abin da zai ƙarfafa shi.

Ikon cewa babu ƙara shi ma yana da nasa haɗarin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ƙofar da aka buɗe don marar laifi ya fita, mai uwa a gindin murhu na iya bi ta cikinta. Maganin wannan shi ne dalili a rubuce. A watan Yuni 2016 an kashe wata 'yar kasuwa a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano bisa zargin ɓatanci. An kama mutum biyar. A watan Nuwamba kotun majistare ta sallame su bisa shawarar ma'aikatar shari'a ta jiha cewa ba su da tuhumar amsawa. Mai yiwuwa shawarar daidai ce, domin kama mutum biyar daga cikin taron jama'a ba ya nufin su ne suka yi. Amma abin da ya isa kunnen jama'a shi ne sakamakon kawai, sai kowa ya cike sauran da zatonsa, wasu suka ce an rufe magana, rashin yarda tsakanin al'umma ya ƙaru. Da an fito an ce ga abin da ke cikin fayil, ga inda ya gaza, ga umarnin da aka ba 'yan sanda su ci gaba da neman waɗanda suka aikata, da an kare mutuncin waɗanda aka saka, da na ma'aikatar, da haƙƙin mamaciyar. Duk wanda aka kashe wa ɗan uwa ko aka yi wa fashi ya cancanci a zaunar da shi a yi masa bayanin dalilin da ya sa ba za a ci gaba ba, ya kuma sami inda zai kai kuka a sake dubawa.

Mun kuma ga yadda abin yake in an yi aiki. A shari'ar kisan yarinya Hanifa a Kano, an kama wanda ake zargi a watan Janairu 2022, aka tono gawar, aka haɗa shaidun da suka dace, ma'aikatar shari'a ta karɓi ƙarar ta kai babbar kotu. Ya musanta kisan a gaban alƙali, amma ƙarar ba a kan bakinsa kaɗai ta dogara ba. Ranar 28 ga Yuli na wannan shekarar aka yanke hukunci, wata shida da kame. Jami'an da suka iya wannan su ne dai ke riƙe da sauran fayilolin. Bambancin shi ne idon duniya yana kan wannan, gwamnati ta sa hannu, ba wanda ya bar fayil ya kwana a durowa.

Mu ma jama'a muna da hannu a ciki. Da an yi holin mutane a gaban 'yan jarida, an jera musu wuƙaƙe da wayoyi, mun gama yanke hukunci a Facebook kafin magariba. In lauyan gwamnati ya ce hujja ba ta kai ba, sai mu ce ya ci kuɗi. Wasu cikinmu kan kai rigimar bashi ko ta gona caji ofis a sa mata rigar zamba cikin aminci don a tsorata abokin gaba, alhali doka ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa alkawari, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Jami'in da ya san za a zage shi in ya saki, ba za a tambaye shi ba in ya tsare, tsarewa zai zaɓa kullum.

Kirana ga kwamishinonin shari'a na jihohinmu ne da manyan alƙalai. A ajiye lauyoyin gwamnati a hedikwatar binciken manyan laifuka da manyan ofisoshin yanki, su ga fayil tun mutum yana hannun 'yan sanda, kafin a rubuta masa laifin da zai hana shi beli. A ɗauki ƙarin lauyoyi, a ba su abin aiki, a sa wa shawara wa'adin da in ya wuce wani zai amsa tambaya. Kowace shawara ta zo da dalilinta a rubuce, a sanar da mai ƙara da wanda ake zargi. Majistarori su yi amfani da ikon da doka ta riga ta ba su, su daina sabunta ajiya ido rufe, ranar da wa'adi ya cika ba fayil su ba da beli ko su sallama. Duk wata uku a buga adadin mutanen da ke jiran shawara a kowace jiha da tsawon zaman kowannensu. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗan uwa ko maƙwabci da aka ajiye ana jiran shawara, nemi lambar ƙarar da ranar da aka fara ajiye shi, ka kai wa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ko reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku, ka nemi a rubuta wa ma'aikatar shari'a a tambayi inda fayil ɗin yake.